Daga «Quels sont vos loisirs ?» zuwa «T'aimes faire quoi ?»: tambayar abin sha'awa a Faransancin hira

Ɗalibin da ya yi karatun boko a Nijar, tun daga ajin farko har ya ci jarrabawar bak, ya share shekaru goma sha uku yana mu'amala da Faransanci. Ya iya sarrafa aikatau a lokutan da Faransawa da yawa ba sa furtawa a rayuwarsu, ya kuma san ƙa'idojin rubutu daidai gwargwado. Amma idan aka zaunar da shi kusa da wani tsaransa ɗan Liyon ko Bordo a ɗakin cin abinci na jami'a, yana so ya ji abin da abokin zaman nasa yake sha'awar yi idan ya sami sarari, jimlar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce wadda ya gani a littafi: «Quels sont vos loisirs ?» Ta fuskar nahawu jimlar ba ta da aibi. Matsalarta tana ga wurin da aka faɗe ta. A kunnen Bafaranshe tambaya ce irin ta takardar cikewa, ko ta masu tantance mai neman aiki, kuma wanda aka yi wa ita a kan teburin abinci zai amsa cikin ladabi, ya ɗan ja jiki, hira ta mutu tun ba ta kankama ba.

Wannan ƴar ƙaramar tambaya ta cancanci nazari, domin a cikinta ake ganin mafi yawan abin da ya raba Faransancin rubutu da na baka: tsarin kalmomi, zaɓen wakilin suna, shafe wasali, da kalmomin da ake ɗauka ko ake ƙyalewa.

Siga huɗu, ma'ana ɗaya

A duba waɗannan jimloli, waɗanda dukkansu ke nufin «me kake sha'awar yi?»:

(1) Qu'aimes-tu faire ?
(2) Qu'est-ce que tu aimes faire ?
(3) Tu aimes faire quoi ?
(4) T'aimes faire quoi ?

A jimla ta (1) kalmar tambaya ta zo a farko, sa'annan aikau da aikatau sun yi musayar gurbi, «tu» ya koma bayan «aimes». Wannan ita ce sigar da makaranta ta fi fifitawa, ita ce kuma mafi ƙarancin fitowa a hirar yau da kullum. A ta (2) kalmar tambaya tana nan a farko, amma an sa «est-ce que» ya ɗauki nauyin tambayar, don haka aikau da aikatau suka zauna a tsarinsu na jimlar bayani. Siga ce ta tsaka-tsaki, ana iya faɗarta ga aboki, ana iya faɗarta ga malami in an canza wakilin suna. A ta (3) babu abin da ya motsa ko kaɗan: kalmar tambaya ta zauna daidai inda amsa za ta zauna. Mai tambaya ya ce «Tu aimes faire quoi ?», mai amsa ya ce «J'aime faire du vélo», wato «du vélo» ya maye gurbin «quoi». Ta (4) ita ce ta (3) yadda baki yake furta ta idan ana sauri, wasalin «tu» ya faɗi a gaban wasalin «aimes». Daidaitaccen rubutu bai yarda da wannan shafewa ba, ko da yake ya wajabta irinta a kan «je», inda dole a rubuta «j'aime». Ita ma siga ta (2) tana da tata gajartawar, domin a bakin matasa takan koma «Qu'est-ce t'aimes faire ?», har farkonta ya fito kamar «kestem».

Masana walwalar harshe sun daɗe suna ƙirga waɗannan sigogi. A 1973 Peter Behnstedt ya wallafa bincike a kan tambaya a Faransanci, wanda sunansa kansa ya jero sigogin uku: «Viens-tu ? Est-ce que tu viens ? Tu viens ?» A 1996 Aidan Coveney ya fitar da nasa a kan tambaya da korewa, bisa maganganun da ya naɗa daga bakin ma'aikatan sansanonin hutun yara a yankin Pikardi. Dukkansu sun nuna abu guda: a hirar da aka saki jiki, musayar gurbi tsakanin wakilin suna da aikatau ƙalilan ce ƙwarai, kuma a tambayar da amsarta i ko a'a ce, ɗaga murya a ƙarshen jimla shi ne ke yin mafi yawan aikin.

Abin da kunnen Bahaushe ya saba da shi

A nan ne mai magana da Hausa yake da wata riba da kuma wani cikas, kuma ya kamata a bambanta su.

Ribar tana ga tambayar i ko a'a. «Kana son ƙwallo?» da «T'aimes le foot ?» gininsu ɗaya ne: jimlar bayani ce aka ɗaga mata murya. Ko «est-ce que» ma yana da makwafi a «shin» da ake sawa a farkon jimla ba tare da an taɓa sauran kalmomin ba, sai dai «shin» ya fi shi nauyi, don ya fi karkata ga rubutu da jawabi. Bahaushe ba ya bukatar koyon komai a wannan ɓangare, illa ya yarda cewa abin da harshensa yake yi halal ne a Faransanci.

Cikas ɗin yana ga tambaya mai kalmar tambaya. A Hausa, hanyar da aka saba ita ce a kawo kalmar tambaya farkon jimla, kuma da zarar ta zo farko sai lamirin lokaci ya sauya siga. Ana cewa «kana son karatu», amma «me kake so?». Ba a cewa «me kana so?» a daidaitacciyar Hausa. A bakin mutanen Adar sigar takan fito «mi kaka so?», ƙa'idar dai ba ta canza ba. Akwai kuma sigar da ke barin kalmar tambaya a gurbinta, «kana son me?», amma sau da yawa tana ɗauke da wani ƙarin nufi: ko mai tambaya bai ji da kyau ba, ko ya ji ya yi mamaki, ko yana neman mai magana ya sake faɗa in ya isa. Ke nan abin da yake gama-gari a Faransancin hira, a Hausa shi ne mai ƙarin nauyi. Shi ya sa ɗalibi kan ji «Tu fais quoi ?» kamar tana da tsawa a cikinta, ya kuma ji nauyin furta ta, alhali ga Bafaranshe tambaya ce mai sauƙi, ba ta da wata ƙura. Faransanci ma yana iya amfani da wannan siga don nuna mamaki, amma murya ce ke nuna hakan, ta hanyar matsa wa «quoi» da ɗaga shi sama sosai.

Akwai wata ƙa'ida da ke ɓoye cikin misalan nan. A (1) da (2) kalmar tambaya «que» ce, a (3) da (4) kuwa «quoi». Asalinsu ɗaya, kalmar Latin «quid», wadda ta ba da «quoi» inda aka matsa mata murya, ta ba da «que» inda ba a matsa ba. Dangantakarsu irin ta «me» da «moi» ce, ko «te» da «toi»: ɗaya raunanniyar siga ce da dole ta jingina da aikatau, ɗayar ƙaƙƙarfa ce mai iya tsayawa da ƙafarta. Saboda haka ba a cewa «Tu aimes que ?», kuma bayan ƴan kalmomi irin su «à» da «de» sai «quoi» kawai ke zuwa: «Tu t'intéresses à quoi ?» Faransancin hira yana da ƙa'idojinsa masu tsauri, kuma mai zaton ya isa ya watsa kalmomi yadda ya ga dama don ana hira, zai yi kuskuren da ko ɗan shekara biyar a Faransa ba ya yi.

Kalmar da ake kiran abin da ita

Gyara tsarin jimla rabin aiki ne, domin «loisirs» kanta tana da ƙamshin ofis. Asalinta aikatau ne na Latin, «licere», mai nufin a halatta ko a ba da izini, kamar yadda «plaisir» ya fito daga «placere». Wato tun asali lokaci ne da aka yarje wa mutum ya yi abin da ya so. Kalmar ta sami matsayi a harshen hukuma a 1936, lokacin da gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar hutun mako biyu da albashi da ta aikin awa 40 a mako, ta kuma ba Léo Lagrange muƙamin kula da wasanni da tsara lokacin hutu. A 1962 masanin zamantakewa Joffre Dumazedier ya rubuta littafi sukutum a kan batun. Daga nan ake gane abin da ya sa tambayar ta zama ruwan dare a Faransa: rayuwar ma'aikaci ce da agogo ya raba gida biyu, lokacin aiki da lokacin kai, kuma abin da mutum yake yi da kashi na biyu ana ɗaukarsa wani ɓangare na ko wane ne shi. Har a takardar tarihin aiki akwai gurbin da ake kira «centres d'intérêt», kuma a jarrabawar baka ta DELF, a matakan farko, mai jarrabawa yakan tambayi ɗalibi game da wannan.

A hira kuwa akan kewaye sunan gaba ɗaya. Maimakon a nemi jerin abubuwa, sai a tambayi aiki: «Tu fais quoi de ton temps libre ?», ko «Tu fais quoi quand tu bosses pas ?», inda «bosser» ya maye gurbin «travailler». In an so ambaton suna, ana cewa «C'est quoi, tes passe-temps ?», kuma a lura cewa «c'est» bai damu da jam'in da ya biyo baya ba. Wanda ya fi sakin jiki zai ce «C'est quoi, ton truc ?», «truc» kuwa ita ce «abin nan» ta Faransanci, mai shiga ko'ina. Akwai «hobby» da aka aro daga Ingilishi, wadda ake cewa «le hobby» ba tare da shafe wasali ba. Akwai «dada», wadda asalinta sunan doki ne a bakin yara, ta zama sunan abin da mutum ya ƙwallafa rai a kai, har yana gundurar mutane da zancensa. Akwai kuma «violon d'Ingres», daga sunan mai zane Jean-Auguste-Dominique Ingres, wanda ya rasu a 1867, wanda bayan zanensa yake kaɗa gogen Turawa. Furuci ne mai kyau a rubutu, amma matashin da ya tambayi tsaransa da shi, dariya za a yi masa.

A ɗaya ƙarshen akwai «kiffer». Ta shigo ne daga Larabcin Magrib, daga «kif», kalmar da ke nufin jin daɗi, ke kuma nufin tabar wiwi, ta yaɗu daga unguwannin bayan gari na manyan biranen Faransa ta hanyar waƙoƙin matasa har ta shiga ƙamus. «Tu kiffes quoi ?» tana tafiya tsakanin matasa. Haɗarinta shi ne ɗalibin da ya tsince ta a fim ko a TikTok ba ya jin nauyinta, sai ya kai ta gaban alƙalan jarrabawa ko gaban mai ɗaukar aiki. Kuskuren nan ya fi na farko tsada, domin mai tsananin ladabi hira kawai ya rasa, mai wuce gona da iri kuwa yana iya rasa gurbin karatu.

Tarkunan da ke kusa da juna

Jimlolin da suka fara da «Tu fais quoi» sun yi kama da juna ƙwarai, amma abin da ya biyo baya yana juya ma'anar baki ɗaya. «Tu fais quoi ?» ita kaɗai tana tambayar abin da mutum yake yi a wannan lokaci. «Tu fais quoi dans la vie ?» sana'a take tambaya, duk da kalmar rayuwa da ke cikinta, kuma wanda ya amsa da cewa yana son kallon kokowa bai amsa tambayar ba. «Tu fais quoi le week-end ?» tana neman abin da aka saba yi kowane ƙarshen mako, don haka ita ma hanya ce ta tambayar abin sha'awa. Amma da an canza «le» zuwa «ce», aka ce «Tu fais quoi ce week-end ?», magana ta koma kan wannan makon kaɗai, kuma galibi shimfiɗa ce ta gayyata. Wanda bai gane ba zai tsaya lissafa abubuwan da yake sha'awa, mai tambaya kuwa yana jira ne ya ji ko akwai sarari. Bambancin «le samedi» da «samedi» ma haka yake: na farko kowace Asabar, na biyu Asabar mai zuwa. Hausa tana nuna wannan bambanci a lamirin lokaci, tsakanin «me kakan yi?» da «me za ka yi?». Faransancin hira yakan bar aikatau a siga ɗaya, ya ɗora nauyin duka a kan kalma mai harafi biyu.

Amsa ma tana da nata ƙa'idojin. Da aikatau «aimer» ana cewa «j'aime le foot», da «faire» kuwa «je fais du foot». Wasa yana ɗaukar «à», abin kiɗa yana ɗaukar «de»: «je joue aux cartes», amma «je joue de la guitare». A korewa «du» yakan koma «de», «le» kuma ya tsaya yadda yake: «je fais pas de sport», «j'aime pas le sport». Abin da ya fi ba mai koyo mamaki shi ne «bien». Hankali zai ba shi cewa «j'aime bien» ya fi «j'aime» ƙarfi, alhali sassauta shi yake yi. «J'aime bien lire» ita ce amsar da aka saba ji, mai nufin karatu yana yi wa mutum daɗi ba tare da zuzutawa ba. Mai son ƙarfafawa «j'adore» yake cewa.

Wa ake tambaya

Zaɓi tsakanin «tu» da «vous» daban yake da zaɓin tsarin jimla, kuma ɗalibai sukan cakuɗa su. Ana iya riƙe «vous» a yi amfani da tsarin hira: «Vous faites quoi de votre temps libre ?» jimla ce da ake ji kullum tsakanin manyan da ba su saba da juna ba, akwai girmamawa a cikinta, babu taurin takarda. Akasin haka, «Qu'aimes-tu faire ?» ta haɗa wakilin suna na kusanci da ginin littafi, shi ya sa take fitowa kamar maganar malami da ƙaramin yaro. Tun 1960 Roger Brown da Albert Gilman suka nuna cewa irin waɗannan wakilan suna a harsunan Turai suna tafiya bisa ma'auni biyu, iko da zumunta. Tsakanin ɗalibai tsararraki «tu» ake farawa da shi kai tsaye. Da malami ko wanda ya girme ka, «vous» ake riƙewa har sai shi babban ya ce «On peut se tutoyer».

Hausa ba ta ɗora girmamawa kacokan a kan wakilin suna ba. Abin da ta fi kula da shi a mutum na biyu shi ne jinsi, «kai» da «ke», wanda «tu» bai san da shi ba. Girmamawa tana fitowa ne a kiran mutum malam ko baba ko hajiya, a sakaya suna, a tsawon gaisuwa, wani lokaci a amfani da «ku» ga mutum ɗaya. Sa'annan akwai abin da ya wuce nahawu. A Maraɗi ko Damagaram, yaro ba ya duban dattijo ya tambaye shi me yake yi don nishaɗi, ko da wane irin ladabi ya lulluɓe tambayar, domin tana nuna kamar dattijon yana da lokacin banza. Ko tsakanin samari ba a cika yin ta ba, don wanda kuke zama fada ɗaya da shi kun riga kun san ko ɗan dara ne, ko ɗan karta, ko mai bin gasar takobi ta kokowa a rediyo. Hausa tana da nishaɗi, da shaƙatawa, da hira, da abin sha'awa, amma babu ɗaya daga cikinsu da ta yi daidai da «loisirs» ta kowace fuska. Don haka wanda ke magana da Faransanci da dattijon Bahaushe a Yamai, al'adar Hausa ce za ta gaya masa ko tambayar ta dace, ko da yake kalmomin na Faransanci ne.

Abin da ya shafi mai naɗar magana

A misalan da suka gabata an ga «j'aime pas» da «tu bosses pas» babu «ne». Da gangan aka rubuta su haka, don haka ake faɗarsu. William Ashby ya naɗi maganar mutanen birnin Tur a 1976, ya tarar ana riƙe «ne» a kashi 37 cikin ɗari na jimlolin korewa. Da ya koma a 1995 adadin ya sauka zuwa kashi 18. Alƙaluman nan na Tur ne, ba a ɗauke su a ɗora wa Tawa ko Yamai, inda mafi yawan masu Faransanci a aji suka koye shi, daga littafi da bakin malami. Faransancin kowace ƙasa yana da nasa hali: a Kebek, alal misali, ana ƙara «tu» bayan aikatau a matsayin alamar tambaya, a ce «Tu aimes-tu ça ?», abin da zai rikita ɗan Faris.

Ɗalibin da ke shirya kundin kammala karatu a kan Faransancin baka zai iya mayar da wannan tambaya kayan aiki, domin batun abin sha'awa yana sa mutane su saki jiki su manta da na'urar naɗar murya. Ya nemi izinin samari biyu ko uku, ya bar su su yi wa juna tambayoyi, sa'annan ya ƙirga sau nawa kowace siga cikin huɗun nan ta fito, da sau nawa aka furta «ne», yana lura da shekarun mai magana, da zurfin karatunsa, da wanda yake magana da shi. Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne wajen mayar da muryar rubutu. Hannun da ya shekara goma sha uku ana jan masa jan biro yakan gyara abin da kunne ya ji ba tare da saninsa ba: mai magana ya ce «t'aimes quoi», takarda ta nuna «tu aimes quoi», ya ce «chais pas», takarda ta nuna «je ne sais pas». Duk ƙirgar da aka yi a kan irin wannan takarda ƙirgar nahawun mai rubutu ce. Maganinsa shi ne a saurari kowace jimla aƙalla sau biyu kafin a rubuta ta, sa'annan a ba wani abokin karatu muryar da takardar ya gwada su layi bayan layi, ya yi alama a duk inda ya ga «ne» ko cikakken «tu» da kunnensa bai ji ba.